Kyandir a Kan Taransifoma

Talata, 8 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau an tuna da ni. Shekara da shekaru ina zaune a ƙofar gida a Kurmin Mashi, masu wucewa suna ce mini Injiniya da muryar da ake kiran mai facin taya, amma yau an aiko a kira ni da gaggawa. Ba masaƙar da na yi wa bauta har aka garƙame ta ce ta aiko ba. 'Yata ce, Asma'u.

Cajar baturan mota ta shagon mijinta da ke bakin tashar Kawo ta sake ƙonewa. Karo na uku ke nan. Wannan karon hayaƙi ya haura bango ya shiga shagon Alhaji Tanko mai katifa, wanda kuma shi ne shugaban 'yan layin. Na same shi tsaye a tsakiyar hanya, ya ɗaga wata katifa yana nuna wa jama'a baƙin da ya hau ledarta. Ba abin da ya ci wuta. Amma magana ta riga ta fita, wai shagon wuta ba na mace ba ne, gara ta kwashe kafin ta toye layin gaba ɗaya.

Ma'u tana zaune a kan benci, waya a tafin hannunta kamar kullum. Ba ta yi kuka ba. Da wannan shagon take ci da kanta da 'yarta Ummulkhairi tun ranar da mijinta Tijjani ya shiga motar nan ya tafi, har yau ba labarinsa. In aka tashe ta, ba ta da wurin zuwa sai ɗakina, kuma na san abin da ke cikin ɗakina.

Na buɗe akwatin cajar. Taransifomar ta yi baƙi ƙirin. Na tambayi wanda ya naɗa ta bayan ƙonewar farko da ta biyu, aka ce Bawa mai koyil, na Doka. Na ce to, an gama bayani.

Ba labari.

Laraba, 9 ga Afrilu, da hantsi

Na je wurin Bawa. Bazazzagin nan bai canza ba, sai haƙora da suka ragu. Yana ganina ya ce wa maƙwabtansa su ɓoye kayansu, Bakano ya shigo. Na ce masa garinsu cike yake da makarantu amma ko ta inuwar ɗaya bai taɓa bi ba. Muka gaisa.

Hannun Bawa ba shi da na biyu a wannan gari, wannan ban taɓa musu ba. Amma ga yadda yake aiki, shi da duk masu naɗin koyil da na sani. In aka kawo masa ƙonanniya, sai ya zauna ya warware ta a hankali, duk zagaye goma ya jefa ƙwayar masara a gwangwani. In ya gama ya ƙirga masararsa, ya auna kaurin tsohuwar waya da ido, ya sayo irinta, ya mayar da komai yadda ya tarar. Yana alfahari da wannan. Ya ce mini ko wanda ya ƙera ta ba zai gane an taɓa ta ba.

Na ce masa abin da ya kashe ta ma bai gane an taɓa ta ba, shi ya sa ya dawo sau biyu.

Bai ji daɗi ba. Ya ce shi ba ya ƙara wa aikin wani komai, kuma ko da ya so, an hana shi. Na ce wa ya hana? Ya ce Ma'u. Duk zuwan da ta yi sai ta ja masa kunne, kada ya rage zagaye ɗaya, kada ya ƙara ɗaya. Baban Ummi ne ya haɗa cajar da hannunsa, tana so in ya dawo ya tarar da abinsa.

Na nemi ruwa na sha. Muka yi hirar zafin bana.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan azahar

Na gano. Tun a mota jiya na gano, amma na so in ga abin a takarda don in ji daɗinsa sosai.

Na tambayi Ma'u nawa allurar da ke gaban cajar take nunawa in batura sun cika benci. Ta ce talatin. Amfiya talatin, wato yawan wutar da ke bi. Wayar da ke cikin taransifomar kuwa daidai talatin ɗin aka zaɓa mata, ba ƙari. Wanda duk ya duba zai ce an yi daidai. Allurar ce ta yaudare su, ita kuma ba ƙarya ta yi ba.

Wutar da ke shigowa shago kai-komo take yi, tana tashi tana faɗuwa. Batir ba ya son wannan, sai an bi da ita ta dayod huɗu sun mayar da ita hanya ɗaya. To amma batir yana da nasa ƙarfin a cikinsa. Ba ya karɓar komai sai a ɗan lokacin da wutar ta tashi ta ɗara ƙarfinsa. A wannan ɗan lokacin sai ya kwankwaɗa da ƙarfi, sannan ya tsaya, sannan ya sake kwankwaɗa. Allura ba ta da saurin bin wannan, sai ta tsaya a tsakiya ta ce talatin. Ita kuwa waya kowace kwankwaɗa a jikinta take ƙarewa. In aka yi lissafin abin da take ji, ya haura hamsin. Kuma zafi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wuta, in wuta ta kusa ninki biyu, zafi ya wuce ninki uku.

Wannan a shekararmu ta biyu aka koya mana. Malamin ya mutu, masaƙar ta mutu, rabin 'yan ajinmu sun mutu, sauran suna sayar da katin waya. Lissafin yana nan da ransa.

Abu ɗaya ya dame ni, me ya sa ba ta taɓa ƙonewa a hannun Tijjani ba. Na tambaye ta yadda yake aiki. Ta ce kullum yana ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen. In ya ji abin da ya ji sai ya kashe, ya tafi sallah, ya tsaya wurin mai shayi, ya dawo. Ita kuwa ba ta da teburin mai shayi, kuma batura sun fi na da yawa, don ba ta mayar da kowa. Daga safe har magariba cajar tana kunne.

Da ya yi makaranta da bai buƙaci tafin hannu ba. Ban sauka daga kan wannan ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan saukowa daga masallaci

'Yan layi sun zauna a shagon Alhaji Tanko. Na sa babbar rigata. Na yi musu bayanin dayod da kwankwaɗa, suna kallona kamar ina karanta musu jaridar ƙasar Sin. Da na gama Alhaji Tanko ya ce duk ya ji, Allah ya ƙara ilimi, amma shi katifa yake sayarwa, abin da ya sani shi ne zafi. Ya jawo durowa ya fito da guntun kyandir.

Ya ce, “Injiniya, ga shi. Ran Asabar ta sama, ba ta gobe ba, ba mai bi mata ba, ta ukun. Ku kunna abinku tun safe har mai injin wutar layin nan ya kashe da magariba. Zan tsayar da wannan a kan ƙarfen. In ya narke, yarinya ta kwashe, ba faɗa. In bai narke ba, ni da bakina zan ce ta zauna.”

Na ce na yarda. Ban ko dubi Ma'u ba.

Na zauna jarrabawa iri-iri a rayuwata, wasu ma daga ƙetare aka aiko da takardunsu. Yanzu mai katifa zai gwada ni da kyandir.

Juma'ar dai, bayan magariba

Kyandir yana narkewa tun kafin zafi ya kai digiri sittin. Shagon nan rufin kwano ne, da azahar a wannan wata cikinsa yana kai arba'in ko ba a kunna komai ba. Taransifoma lafiyayya tana iya yin zafin da ya fi sittin ta shekara ashirin ba abin da ya same ta. Wato ba taransifomar da ba za ta ƙone ba kawai aka ce in yi. Wadda da ƙyar za ta yi ɗumi aka ce.

Bakina ya jawo mini. Na yaga takardar jiya.

Asabar, 12 ga Afrilu, da yamma

Sabon lissafi. Ɓangaren batura, ƙarfin wuta bolt goma sha biyar. Wutar da waya za ta ji, na ɗauka hamsin da biyar. Wannan ya ba ni taransifomar da ta kusa ninka tsohuwar. Saboda kyandir na sake ninka ta. Ɓangaren da wuta ke shigowa zan fitar masa da baki uku, don wutar layin nan ba ta da alƙawari, da safe ta zo cike, da rana in masu walda sun tashi ta rame. In ta rame a koma baki na biyu, in injin 'yan layi ne a koma na uku.

Na kai wa Ma'u takardar. Ta ƙi karɓa.

Ta ce ita dai a mayar mata da ta da, za ta riƙa kashewa da azahar kamar yadda yake yi. Na ce Alhaji Tanko bai ce a kashe da azahar ba. Ta ce ba ita ta yarda da sharaɗin Alhaji Tanko ba. Wannan gaskiya ne, sai na yi kamar ban ji ba.

Na nuna mata ƙofar tasha. Na ce ta duba, in fasinja talatin za su fita cikin awa guda, ɗaya bayan ɗaya, ƙaramar ƙofa ta ishe su. Amma ba haka suke fita ba. Shiru, shiru, sai motar Kano ta tsaya, duk su yi kan ƙofa lokaci ɗaya da kayansu. Wanda ya ƙirga zai ce talatin ne a awa. Ƙofar ce ta san abin da ta gani. Ma'u ta fi duk 'ya'yana kai, tun kafin in rufe baki ta gane, na gani a idonta. Ganewar ce ma ta ɓata mata rai.

Ta ce, “Baba, so kake in ce bai iya ba.”

Na ce ban ce ba.

“Ka daɗe kana cewa.”

Na ce aikin da ya yi, na mutum ne mai batura shida da lokacin shan shayi. Ita tana da goma sha biyu kuma ba ta tashi. Akwatinsa zai zauna, allurarsa za ta zauna, igiyoyin da ya haɗa da bakunansu za su zauna. Ƙarfen ciki kawai za a sauya.

Ta juya wayarta a hannu, ta sake juyawa. Ta ce in gaida gida.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da safe

Ba labari. Daga Ma'u ma ba labari.

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan la'asar

Direbobi suna ta kai baturansu wani shago a ƙetaren titi. Na tsaya daga nesa na gani, ban ƙarasa ba.

Talata, 15 ga Afrilu, da azahar

Ma'u ta zo da kanta, da kwanon dambu. Ta ajiye, ta share mini ɗaki, ta yi mini faɗan rigunan da na tara. Sai da ta sa takalmi za ta fita ta ce, ba ta juyo ba, in gaya wa Bawa kada ya warware tsohuwar, kada a cire mata ko waya ɗaya, a dawo mata da ita yadda take.

Na ce to.

Na cinye dambun tas. Rabona da cin abinci haka tun kafin azumi.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan magariba

Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa, tun safe, ni da Bawa. Ƙarfen ciki muke nema, irin fale-falen nan da ake jerawa su zama zuciyar taransifoma. Na zo da awona a rubuce. Mun zaga har ƙafata ta fara magana, sannan muka samu mataccen injin walda a bayan wata rumfa, kaji suna kwana a kansa. Na auna cikinsa. Ya ɗara abin da nake nema da kaɗan. Na yi ƙoƙari kada mai rumfar ya ga fuskata, Bawa ya ce ai fuskar Bakano ba ta nuna komai in ana ciniki, haka aka haife mu.

Wajen waya wani yaro mai bakin zuma ya kawo mana nannaɗe guda, ja jawur, yana rantsuwa. Bawa ya ɗaga ya ji nauyinsa, ya kankare bakin da wuƙa, sai ga fari a ciki. Alminiyon ne aka yi wa wankan jan ƙarfe. Ya mayar masa ya ce ya gaida mai gidansa. Muka samu ta gaske a gaba.

Agogon da masaƙa ta ba ni ranar da na cika shekara ashirin da aiki ya zauna a Panteka, da shi aka biya kayan. Karon farko ke nan da masaƙar nan ta amfana mini da wani abu.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da hantsi

Bawa ya ga kaurin wayar da na rubuta ya ce wannan ba waya ba ce, rodi ne, sai dai a kira masu gini. Na ce ya haɗa sirara huɗu su tafi tare. Ya ce bai taɓa gani ba. Na ce yau zai gani. Ya ce in ta ƙone kada a ce Bawa ne ya naɗa. Na ce in ba ta ƙone ba ma ba za a ce ba. Ya ce au, haka ne? Ya zauna ya ɗaura zani a gwiwa.

Na so in kama masa, hannuna ya ƙi tsayawa. Ya daɗe yana wannan rawar, ban dai saba yi a gaban mutane ba. Bawa ya tura mini gwangwanin da masarar. Ni ne mai jefa ƙwaya. Amma yau ba gawa ake ƙirgawa ba. Na zuba masa adadin da lissafi ya bayar a gefe, in sun ƙare ya tsaya.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan azahar

Ana naɗi. Tsakanin kowane hawa na sa ya jera siraran itace don iska ta sami hanya. Ya ce ina gina wa ƙadangaru bene. Amma na ga ya feƙe itacen da kyau fiye da yadda na nema.

Waya tana kwanciya a hannunsa kamar kitso.

Ba labari.

Litinin, 21 ga Afrilu, da yamma

An gama. An jera ƙarfe, an ɗaure, an tsoma a fenti. Muka jona ta a shagon Bawa, na ɗora tsohuwar mitata. Baki na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne ya faɗi abin da na ce zai faɗa. Ko ƙugi ba ta yi, sai ka sa kunne.

Na ce wa Bawa ya karanta mitar da ƙarfi don maƙwabta su ji. Ya ce ba ya gani sosai. Ƙarya yake.

Da ana ba da sarauta a kan wannan, da yau an naɗa ni. Ba a bayarwa. An fi ba wanda ya rufe masaƙa.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Ba ta shiga akwatin ba.

Na auna wuta, na auna waya, na auna ƙarfe, ban auna akwatin Tijjani ba. Mutum uku suka sauke ta daga Keke Napep, muka kawo ta bakin akwati, ta fi shi faɗi da kusan tafin hannu. Kuma ni na yi alƙawarin akwatinsa zai zauna.

Alhaji Tanko ya leƙo ya ce, ashe injiniyoyi ma suna ɗinka riga ba su ga mai ita ba. Na bar shi.

Muna tsaye a haka wayar Ma'u ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Ba zan rubuta yadda ta miƙe ba. Wani direba ne yake tambaya ko an fara caji.

Ta ajiye wayar a kan benci. Ta daɗe tana kallon akwatin. Tijjani ne ya yanke kwanon, shi ya yi masa shuɗin fenti, har da sunansa a gefe da farin fenti, harafi ɗaya a karkace. Na ce za mu iya ajiye taransifomar a ƙasa mu ja waya. Ta ce a ƙasa ruwan batir zai taɓa ta, kuma Ummi tana wasa a wurin. Ta ce a kira mai walda ya yanke bayan akwatin da gefe ɗaya ya faɗaɗa, ya sa raga don iska. Gefen da ke da sunan kada a taɓa.

Ita ta riƙe masa awo. Ni na fita waje, hayaƙin walda yana sa ni hawaye.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da azahar

Taransifomar ta zauna daram. Na sauya dayod da manya, na ɗaure su a faffaɗan alminiyon don su sha iska. Na cire guntun wayar da wani gwani ya ɗaura a gurbin fis na sa fis na gaske. Na koya wa Ma'u baki uku, sau ɗaya na faɗa.

Mun gwada awa biyu. Na sa kyandir ɗina a ɓoye. Bai narke ba. Amma awa biyu ba wuni ba ce.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan la'asar

Ko ganye ba ya motsi. An ce gobe za ta fi yau zafi. Na sake bin lissafin daga farko, ya sake fitowa yadda yake. Na sake bi.

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan isha'i

Zan rubuta a jere, don ban san ranar da zan sake samun irin wannan ba.

Da hantsi Alhaji Tanko ya zo da kyandir ɗinsa da shaidu biyu. Ya sa hannu ta saman akwatin ya tsayar da shi a kan ƙarfen, tsakiya, inda ya ga zai fi zafi. Ba shi da karatu amma ba wawa ba ne. Ma'u ta yi bisimilla ta kunna. Batura goma sha biyu. Allura ta tashi ta tsaya a talatin.

Labari ya zaga tasha. 'Yan kamasho, masu shayi, direbobin da ke jiran layi, kowa sai ya zo ya leƙa ta ragar ya koma ya ba da rahoto. Wani ya ce a sa wa kyandir ɗin suna. Wani ya ce in ya narke a raba wa 'yan layi su shafa a kaushi. Bawa ya zo da hular Sallah, ya zauna a bakin ƙofa yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya naɗa. Na tuna masa abin da ya ce ran Alhamis, ya ce bai san zancen ba.

Wajen sha ɗaya masu walda suka tashi, wuta ta rame, allura ta sauko. Ina shirin miƙewa na ga Ma'u ta riga ta kashe, ta mayar baki na biyu, ta kunna. Allura ta koma wurinta. Ba ta ko dube ni ba.

Da azahar aka ɗauke wuta, mai inji ya tayar, ta koma baki na uku. Kwanon rufi yana ƙara don zafi. Na je sallah na dawo, ban san abin da liman ya karanta ba.

Bayan la'asar Alhaji Tanko ya dawo da wani ƙanen matarsa, suna ɗauke da batura biyu na tirela, matattu murus. Ya ce ai ba a faɗi adadin batura a sharaɗi ba. Jama'a suka yi gunaguni. Ma'u ta dube ni. Na san abin da na ninka, na san abin da na bari a gefe. Na ce a jona. Allura ta haura ta kusa arba'in. Na ce wa Alhaji in yana da wasu a gida ya aika a kawo.

Ba zan ɓoye wa takarda ba, bayan wannan maganar sai da na sake bin lissafin a zuci. Na zauna na kafa wa ragar ido. Gefen kyandir ɗin ya fara sheƙi.

Rana ta yi ƙasa. Iska ta ɗan motsa daga wajen tasha. Aka kira magariba, mai inji ya kashe kamar kullum, layin ya yi duhu. Aka haska fitilar waya a cikin akwati.

Yana tsaye.

Alhaji Tanko ya ɗauko shi ya matsa da babban yatsa, yatsan ya ɗan shiga. Ya ɗaga ya ce a duba, ya yi laushi. Bawa ya ce, “Alhaji, narkewa ka ce. In laushi ne, katifunka ma sun faɗi jarrabawa.” Aka fashe da dariya har da shaidunsa. Shi ma ya yi, daga baya. Ya miƙa wa Ma'u kyandir ɗin ya ce da ƙarfi, yadda na ƙarshen layi zai ji, “'Yar Injiniya, zauna. Wanda ya ce ki tashi, ya zo ya same ni.”

Injiniya. Yau da wata murya aka faɗa.

Mutane suka watse zuwa masallaci. Ni na tsaya naɗe igiyoyi. Sai na ga Ma'u ta sa hannu cikin akwatin ta ɗora tafinta a kan ƙarfen. Ta bar shi a nan. Ta daɗe. Wayarta tana can kan benci, ba ta hannunta. Ƙonanniyar taransifomar tana ƙarƙashin bencin, a naɗe cikin tsohuwar rigar Tijjani.

Ta ce, “Baba, ɗumi kawai ta yi.”

Na ce na sani. Na ce tun ran Asabar ɗin can na sani, a rubuce yake.

Ta ce ta ji, in zo in taɓa dai.

Na taɓa. Hannuna bai yi rawa ba, ko kuma ƙarfen ne ya riƙe shi.

Muna haka sai ga Alhaji Tanko ya dawo yana lalube. Wayarsa ta mutu, kwaɗon shagonsa ya faɗa tsakanin katifu, ba ya gani. Ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaran murya, ya ce ko 'yar Injiniya za ta ara masa kyandir.

Ta ƙyasta ashana ta kunna masa. Ta ce ya yi hankali da shi, akwai katifa a wurin.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan asuba

Ba labari.

Ma'u ta ce in zo gobe da wuri, batura sun taru, kuma tana so in nuna mata lissafin tun daga farko. Na nemo fensir.